Motocin Lantarki a Wuraren Baje Koli

A watan Janairun kowace shekara akan gudanar da wani babban baje kolin kayan fasaha a birnin Las Vegas na Amurka, wanda aka fi sani da CES. A da, rediyo da talabijin da kwamfuta ne suka cika rumfunansa, amma daga baya kamfanonin mota sun kama wuri babba a ciki. A 2022 kamfanin General Motors ya gabatar da a-kori-kura mai suna Chevrolet Silverado wadda ke aiki da lantarki, ya ce za ta yi tafiyar kilomita kamar 640 da caji ɗaya. A 2023 kuma kamfanin Stellantis ya nuna samfurin tasa, Ram 1500 Revolution, shi ko John Deere ya kawo motar haƙar ƙasa mai batir.

Abin da ya fi burge ƴan kallo a irin wannan wuri shi ne mota ta tashi ba ƙara ba hayaƙi, ga manyan allunan kwamfuta a gaban direba, sannan in an buɗe gaban wasu sai a tarar da wurin zuba kaya a inda aka saba ganin inji. To, amma wanda ya dogara da mota wajen neman abinci, tambayoyinsa daban ne: kaya nawa za ta ɗauka, kuma awa nawa za ta tsaya tana shan caji?

Tushen matsalar shi ne nauyin batir. Lita ɗaya ta man dizal, wanda a Nijar ake kira gazuwal, ba ta kai kilo ɗaya ba, alhali batirin da zai ba da aikin da take bayarwa sai ya ninka ta nauyi sau da yawa. Batirin motar GMC Hummer ta lantarki kaɗai ya kai kilo 1,300, wato nauyin wata ƙaramar mota sukutum. Kowane kilo na batir kuwa ragi ne a kan kayan da za a lafta. Haka nan, in aka ɗaura wa a-kori-kurar lantarki kaya masu nauyi tana ja, zangon da take ci yakan ragu da kusan rabi. Ba safai ake rubuta wannan da manyan baƙaƙe a jikin rumfa ba.

A baje kolin manyan motoci na birnin Hanoba a Jamus, a 2022, kamfanin Mercedes-Benz ya bi ta wata hanya mai ma'ana. Ya nuna gingimari da aka ƙera don ta yi kilomita 500 kafin a sake caji. Me ya sa 500? Dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa direban babbar mota ya huta na minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Ke nan, muddin akwai tashar caji mai ƙarfi a inda ya yada zango, motar za ta sha wuta a lokacin da shi ma yake cin abinci, ba a yi asarar lokaci ba. An fara ƙera ta don sayarwa a ƙarshen 2024 da sunan eActros 600.

Ba duk abin da aka yi wa tafi ne ya samu irin wannan sa'a ba. A Satumbar 2025 Stellantis ya sanar da cewa ya fasa ƙera Ram mai aiki da batir zalla, saboda masu saye sun ja baya. Wata guda bayan haka General Motors ya daina ƙera motocin rarraba kaya na BrightDrop, waɗanda ya fara sanarwa a CES na 2021, duk da cewa irin su ne aka fi zaton lantarki ya dace da su, tunda a cikin gari suke yini, da dare kuma su koma gareji a sa musu caji.