Instagram: Yadda shafin hotuna ke tara biliyoyi, da rabon ɗan kasuwar Tahaggart

A unguwar Tahaggart da ke Tamanrasset, kudancin Aljeriya, inda 'yan Nijar da Mali da Najeriya da dama ke zaman neman abinci, wayar salula ta zama rumfa ta biyu. Tela ya ɗauki hoton shaddar da ya gama ɗinkawa, mai lalle ta ɗauki hannun amarya, mai gasa naman da mutanen garin ke kira "mainama", kalmar da suka aro daga Hausa, shi ma ya ɗauki nasa. Wasu hotunan su tafi Facebook ko TikTok, wasu kuma Instagram. Babu wanda aka karɓi ko dinari ɗaya a hannunsa kafin ya buɗe shafi.

Duk da haka, kamfanin Meta mai Instagram da Facebook da WhatsApp ya samu kuɗin shiga dala biliyan 164.5 a shekarar 2024, kuma fiye da kashi 97 cikin 100 na kuɗin daga talla suka fito. To, ta yaya manhajar da ake bayarwa kyauta ke kawo wannan dukiya, kuma me ke faɗowa hannun wanda ya ɗauki hoton?

Daga ma'aikata 13 zuwa mutum biliyan 3

Wasu matasa biyu, Kevin Systrom da Mike Krieger, su ne suka fito da Instagram a birnin San Francisco na Amurka ranar 6 ga Oktoba 2010. A ranar farko mutum 25,000 suka yi rajista, kafin ƙarshen shekarar adadin ya kai miliyan 1. A lokacin kyamarar waya ba ta da ƙarfi, sai manhajar ta ba mutane launukan gyara hoto da taɓawa ɗaya, ta kuma bar kowa ya bi shafin wanda yake so ba sai an san juna ba.

Abin da ya biyo baya duk ɗan kasuwa ya san shi. Kasuwar Assihar ta Tamanrasset tana cika ne domin masu kaya sun san masu saye za su zo, masu saye kuma sun san za su tarar da kaya. Haka nan duk wanda ya shiga Instagram yana jawo abokansa, su ma su jawo nasu, har ya zama barin wurin asara ce ga mai barinsa.

A farko masu iPhone kaɗai ke amfani da ita. A watan Afrilu 2012 aka fitar da ta wayoyin Android, kuma cikin mako guda Mark Zuckerberg ya sanar da cewa Facebook ya saye kamfanin a kan dala biliyan 1. Ma'aikatansa 13 ne kawai, masu amfani da shi kimanin miliyan 30, kuma bai fara samun kuɗin shiga ba. Jama'ar da ta taru a wurin ita ce aka saya.

Daga nan shafin ya riƙa girma ta hanyar kwaikwayon abokan gasa. A Agusta 2016 ya ɗauko salon Snapchat ya fito da Stories, hotunan da ke ɓacewa bayan awa 24. A Agusta 2020, ganin yadda TikTok ke kwashe matasa, ya fito da gajerun bidiyon Reels. A Maris 2021 kuma ya baza Instagram Lite a ƙasashe 170, manhaja mai nauyin megabait 2 kacal, wadda aka yi domin ƙananan wayoyi da wuraren da intanet ke da rauni. Masu amfani da shafin a kowane wata sun kai biliyan 1 a Yuni 2018, kuma a Satumba 2025 Zuckerberg ya ce sun kai biliyan 3.

A Aljeriya ƙofar ta buɗe ne da zuwan 3G a Disamba 2013, sannan 4G na salula a 2016, ta hannun Mobilis da Djezzy da Ooredoo.

Gwanjon da ake yi cikin ƙiftawar ido

Sai da aka shekara uku kafin talla ta farko ta bayyana a Instagram, a Nuwamba 2013 a Amurka. A Satumba 2015 aka buɗe wa kowane ɗan kasuwa a duniya, babba da ƙarami. Takardun da suka fito a shari'ar da hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta yi da Meta sun nuna cewa Instagram kaɗai ya kawo dala biliyan 32.4 na talla a 2021, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin kamfanin a shekarar.

Ga yadda abin ke gudana. Duk lokacin da mutum ke jan allon wayarsa, akwai guraben da aka ware wa talla tsakanin hotuna da bidiyo. Kafin gurbin ya bayyana, kwamfutocin Meta suna yin gwanjo tsakanin masu tallar da ke son irin wannan mutumin. Ba lalle ne wanda ya fi tayi ya ci ba. Ana haɗa abu uku: kuɗin da mai talla ya yarda ya biya, yiwuwar mutumin ya latsa ko ya saya, da kuma ingancin tallar kanta.

Ƙarfin kamfanin yana cikin abu na biyu. Ya san shekarun mutum, garin da yake, irin wayarsa, shafukan da yake bi, da daƙiƙa nawa ya tsaya a kan hoto kafin ya wuce. Matar da ke yawan tsayawa kan atamfa da turaren wuta ba sai ta faɗa wa kowa tana shirin biki ba. Shi ya sa tun 2016 shafin ya daina jera hotuna bisa lokacin da aka saka su, ya koma nuna wa kowa abin da ya fi riƙe shi. Ƙarin minti ɗaya a kan allo ƙarin gurbin talla ne.

An ga darajar waɗannan bayanai a 2021, lokacin da Apple ya tilasta wa manhajoji neman izinin masu iPhone kafin bin sawunsu a wasu shafuka. Meta da kansa ya ce matakin zai ja masa asarar kimanin dala biliyan 10 a 2022. Akwai wasu ƙananan hanyoyin samun kuɗi, kamar Meta Verified na 2023, inda ake biyan kuɗin wata a sami shuɗiyar alama, amma ba su kama ƙafar talla ba.

Ba kowane ido ke da farashi ɗaya ba

Alƙaluman da Meta ya fitar kan Facebook a watanni uku na ƙarshen 2023 sun nuna cewa mutum ɗaya a Amurka da Kanada ya kawo wa kamfanin dala 68.44, na Turai dala 23.14, yayin da na rukunin da Afirka ke ciki ya kawo dala 4.50. Dalili shi ne masu talla suna biya gwargwadon abin da suke tsammanin mai kallo zai iya saya.

Wannan yana da amfani ga ƙaramin ɗan kasuwa, domin talla a yankin Sahara da Sahel tana da arha. Telan Tahaggart zai iya zaɓar a nuna ɗinkinsa ga mazauna Tamanrasset da In Guezzam kawai, ko ya tsallaka iyaka zuwa Arlit da Agadez, a kuma saka maɓallin da zai kai mai saye kai tsaye ga WhatsApp ɗinsa.

Sai dai biyan kuɗin tallar yana da wuya. Dinarin Aljeriya ba ya fita waje yadda aka so, kuma katin Edahabia na gidan waya ko na CIB a cikin ƙasa kawai suke aiki. Ana buƙatar katin Visa ko Mastercard mai kuɗin waje, abin da ya sa da yawa ke bi ta hannun dillalai da ke cin tasu riba. Ga kuma nisa: kusan kilomita 2,000 ne tsakanin Tamanrasset da Aljiyas, a ƙasar da yawancin masu saye ta intanet ba sa biya sai kaya ya iso hannu. Dokar cinikin intanet mai lamba 18-05 ta Mayu 2018 ita ma ta wajabta wa mai sayarwa yin rajistar kasuwanci, sharaɗin da baƙon da ba shi da cikakkun takardu ba zai iya cikawa ba.

Masu dubban mabiya da amanar jama'a

Mafi yawan masu saka hotuna ba sa karɓar komai daga Instagram. Masu dubban mabiya suna samun kuɗi ne daga 'yan kasuwar da ke biyan su su yabi kaya, kamar yadda masu sayar da atamfa da kayan kwalliya a Kano ke ɗaukar taurarin Kannywood. Masu kai 'yan yawon buɗe ido tsaunin Assekrem kuwa, hoton fitowar rana a Ahaggar shi ne tallarsu.

Inda haɗarin yake shi ne mabiya sukan ɗauki tallar a matsayin shawarar aboki. A farkon 2022 an gurfanar da wasu fitattun masu shafuka a Aljeriya a kan tallata kamfanin Future Gate, wanda aka zarga da karɓar kuɗin ɗalibai bisa alƙawarin kai su karatu ƙasashen waje. Ga al'ummar da ke zaune a bakin hanyar ci-rani, inda alƙawarin biza da aiki ke yawo a waya kullum, darasin a fili yake: yawan mabiya ba shaidar gaskiya ba ne.

Kayan aro ba ya rufe katara

Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke na kimanin awa shida a duk duniya. A Aljeriya ma, tun 2016 hukumomi sun sha toshe shafukan sada zumunta a kwanakin jarrabawar bakaloriya domin hana satar amsa. Ban da wannan, ana iya rufe shafin mutum ko a sace shi, kuma sauyi ɗaya a tsarin nuna hotuna kan iya rage masu ganin kayansa ba tare da sanarwa ba.

Saboda haka mai sana'ar da ya fahimci lissafin yakan rubuta lambobin abokan cinikinsa a littafi, ya kunna tsaron shiga mai mataki biyu, ya ware kuɗin talla kaɗan ya gwada na 'yan kwanaki, sannan ya ƙirga mutum nawa suka saya da gaske, ba nawa suka latsa alamar zuciya ba. Idan tallar dinari 2,000 ba ta kawo ribar da ta wuce dinari 2,000 ba, to Meta ne ya yi ciniki a ranar, ba telan Tahaggart ba.