Kalmar "If" a Turanci: Alkawari Ne ko Da-na-sani?

A ce wani manomi ya ba wani ɗan kasuwa bashin gero buhu 5. Wata 3 suka wuce bai ga kuɗinsa ba. Ran nan sai ga takarda da Turanci, an rubuta: "If I had the money, I would pay you." Manomin nan ya san "if", ya san "money", ya san "pay". Sai ya yi murna, ya ce kuɗi suna tafe. Alhali kuwa abin da takardar ta ce shi ne, "Da ina da kuɗin, da na biya ka." Watau ba shi da su. Babu alkawari ko ɗaya a ciki.

To, me ya ruɗe shi? Mu a Hausa muna da kalmomi biyu na sharaɗi. Akwai "in", ko "idan", don abin da ke iya faruwa. Akwai kuma "da", don abin da bai samu ba. Turawa kuwa kalma ɗaya suke sa wa duka biyu, ita ce "if". Bambancin yana cikin kalmar aiki, wadda malamai ke kira fi'ili. Saboda haka in mun ga "if", kada mu yi gaggawa. Mu dubi kalmomin aikin da ke biye da ita. Hanyoyin guda 4 ne.

Ta ɗaya, abin da kullum haka yake. "If you put butter in the sun, it melts." In ka sa man shanu a rana, sai ya narke. Nan ba "will", ba "would".

Ta biyu, abin da ake sa rai zai faru nan gaba. "If it rains, we will plant millet." In ruwa ya sauka, za mu shuka gero. Alamarta ita ce "will". Da wannan hanya ake yin alkawari, da ita kuma ake yin gargaɗi.

Ta uku, abin da babu shi yanzu, ko kuwa da wuya ya samu. "If I had a donkey, I would carry the load." Da ina da jaki, da na ɗauki kayan. Alamarta "would". Mu lura, "had" ta yi kama da maganar jiya, amma zancen na yau ne. Wannan ita ce ta ruɗe manominmu. Da ita kuma ake ba da shawara: "If I were you, I would go to the hospital." Da ni ne kai, da na tafi asibiti.

Ta huɗu, abin da ya riga ya wuce, ba shi gyaruwa. "If we had planted early, we would have filled the barn." Da mun yi shuka da wuri, da mun cika rumbu. Alamarta "would have". Ita ce hanyar da-na-sani, wadda Hausawa suka ce ƙeya ce, a baya take.

Akwai kurakurai biyu da suka fi kama mu. Na farko, mun saba cewa "In ya zo, zan gaya masa." Da yake mun ce "ya zo", sai mu fassara da "If he came, I will tell him." Wannan ba daidai ba ne. Daidai shi ne, "If he comes, I will tell him." Na biyu, waɗansunmu kan ce "If he will come, I will tell him." Wannan ma a bar shi. "Will" ɗaya ta isa, wurinta kuwa a ɓangaren sakamako ne.

Ana iya juya jimla, ma'ana ba ta sake ba: "We will plant millet if it rains." Sai dai in "if" ce a farko, akan sa waƙafi a tsakiya. In tana tsakiya, ba a bukatarsa.

Akwai kuma "unless", ma'anarta "sai in". "I will not sell unless you pay." Ba zan sayar ba sai in ka biya.

Da ɗan kasuwan nan ya so yin alkawari, da ya rubuta, "If I get the money, I will pay you." Ko wannan ma da sharaɗi yake, gama sai ya samu zai biya. Don haka kada mu sa hannu ko mu dangwala yatsa a takardar da ke da "if", sai mun gane wace hanya ce cikin huɗun nan.

Yanzu kowa ya ɗauki allonsa ko littafinsa, ya juya waɗannan zuwa Turanci:

1. In ka zo gobe, za ka same ni.
2. Da ina da keke, da na tafi kasuwa yanzu.
3. Da ka gaya mini jiya, da na taimake ka.