Yadda Kamfanonin Manhajar Kwamfuta Ke Riƙe Ƙwararrun Ma'aikatansu

Gabatarwa

Dukiyar masaƙa tana cikin injunanta da auduga da ke jibge a sito. Amma kamfanin da ke ƙera manhaja, wato jerin umarnin da ke sa kwamfuta ta yi aiki, dukiyarsa tana cikin kawunan ma'aikatansa ne. Kowace yamma wannan dukiya takan fita ta ƙofa ta tafi gida. Babbar damuwar shugabanni ita ce yadda za ta dawo da safe, kuma ta dawo da kuzari.

Illar tafiyar ƙwararre

Idan gwanin tsara manhaja ya ajiye aiki, yakan tafi da sanin dalilan da suka sa aka gina kowane sashe yadda yake, abin da sau da yawa ba a rubuce yake ba. Ɗaukar sababbi kuwa ba ya cike gurbin nan take. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya bayyana a 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara, ƙara masa jinkiri yake yi. Dalili shi ne tsofaffin ma'aikata za su bar aikinsu su koyar da baƙi, sannan hanyoyin tuntuɓar juna su yawaita. Tsakanin mutum 5 akwai hanyoyi 10, amma tsakanin mutum 10 akwai 45.

Ladan hannun jari

Saboda haka kamfanonin Amurka suka rungumi wata dabara: a yi wa ma'aikaci alkawarin sayar masa da hannun jarin kamfanin nan gaba, a kan farashin yau. Misali, a ce an ba shi damar sayen hannun jari 1,000 a kan dala 10 kowane. Idan farashi ya kai dala 50, ribarsa dala 40,000 ke nan. Sai dai ba a sakar masa damar gaba ɗaya. A bisa tsarin da ya fi yaɗuwa, tana nuna ne kaɗan-kaɗan cikin shekara 4, kuma wanda ya tafi kafin lokaci ya yi asarar abin da ya rage.

Kamfanin Microsoft ya shahara da wannan tsari. Ya fara sayar da hannun jarinsa ga jama'a a watan Maris na 1986 a kan dala 21, kuma hauhawar farashin a shekarun da suka biyo ta mai da dubban ma'aikatansa miloniyoyi. Amma da kasuwar hannun jarin kamfanonin fasaha ta faɗi daga shekarar 2000, alkawuran da yawa suka zama holoƙo, domin farashin kasuwa ya koma ƙasa da wanda aka yanka wa ma'aikata. A 2003 Microsoft ya daina wannan tsari, ya koma bai wa ma'aikata hannun jarin kansa kyauta, shi ma kashi-kashi, tun da yake ko farashi ya sauka yana da sauran daraja.

Abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano

Riƙe mutum a kujerarsa daban, samun zuciyarsa a kan aiki daban. A 1959 Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin birnin Pittsburgh. Sun gano cewa ƙarancin albashi da mummunan shugabanci suna jawo ƙorafi, amma gyara su kawai ba ya haifar da ƙwazo. Abubuwan da ke haifar da shi su ne cin nasara a aiki mai wuya, da yabawa, da ɗora wa mutum amana, da damar ci gaba.

Edward Deci kuma, a binciken da aka buga a 1971, ya ba ɗaliban jami'a wasan harhaɗa ƴan guntaye mai wasa ƙwaƙwalwa. Waɗanda aka riƙa biya kuɗi, da aka janye biyan, sai sha'awarsu ta yin wasan a lokacin hutu ta ragu. Wato lada na iya mai da abin sha'awa ya zama aikin ƙodago. Wannan ya shafi masu tsara manhaja ƙwarai, domin da yawansu sha'awa ce ta fara kai su ga sana'ar. Shi ya sa a 2004 waɗanda suka kafa Google suka sanar cewa suna ƙarfafa wa ma'aikata guiwa su yi amfani da kashi 20 cikin 100 na lokacinsu a kan ayyukan da suka zaɓa da kansu.

Kammalawa

Albashi mai kyau da hannun jari suna rage wa ƙwararre sha'awar tafiya, amma ƙarfinsu yana hawa da sauka tare da kasuwa. Ƴancin tunani da girmamawa da aiki mai ma'ana su ne ke sa shi ya ba da iyakar basirarsa. Kamfanin da ya tsaya ga kuɗi kaɗai zai wayi gari da ma'aikata masu ƙirga kwanakin da rabonsu zai nuna su kama gabansu.