Tsuntsun da bai san damina ta wuce ba

Yau mun ajiye maganar siyasa da katin zaɓe gefe guda. Tun ranar da aka jiyo kukan tsuntsaye a bayan muryata a shirin da ya gabata, saƙonni suka yi ta shigowa: wai kanari nake kiwo? A'a, ba kanari ba ne. Turawa suna ce masa zebra finch, saboda ratsin fari da baƙi da ke wuyan namijin, irin na jakin dawa. Ni dai zebira nake ce musu.

Ɗan mitsitsin tsuntsu ne, nauyinsa kamar giram 12. Asalinsa ɗan Ostiraliya ne, amma ƙasar ta hana fitar da tsuntsayenta na daji tun 1960, don haka wanda za ka gani a kasuwa jikan jikan 'yan keji ne. Namiji yana da jan baki da tabo ruwan lemo a kumatu, mace kuma toka-toka ce, bakinta ruwan lemo. Namijin ne kaɗai ke waƙa, kuma wurin ubansa yake koyonta tun yana ƙarami, shi ya sa masana kimiyya suke amfani da shi wajen nazarin yadda ake koyon magana.

Kulawar yau da kullum ba wuya. Ka samu keji mai faɗi, ba mai tsawo ba, domin gefe zuwa gefe suke tashi. Kada ka ajiye guda ɗaya, ba sa son kaɗaici. Abincinsu ƙananan tsaba ne irin su gero, da ɗan ganye, da ruwa mai tsafta kullum. Ka riƙa hure ƙaiƙayin da ke saman kwanon, don sau da yawa za ka ga kamar a cike yake, ashe ɓawo ne kawai. Hayaƙi kuwa, na maganin sauro ko na girki, a nisanta su da shi.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Mutane suna tambayata yadda za a yi su hayayyafa. Wallahi wannan ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce yadda za ka tsayar da su.

A can ƙasarsu, yawancinsu a wurare masu fari suke zaune, inda ruwan sama ba shi da tabbas. Da zarar an yi ruwa ciyawa ta fito, sai su yi maza su yi sheƙa kafin abincin ya ƙare. Haka jikinsu yake. Kai kuma a kejinka kullum ga gero ga ruwa, ka kuma rataya musu sheƙa. A wurin macen nan, damina ce da ba ta ƙarewa. Za ta saka ƙwai 4 zuwa 6, ita da namijin su yi kwanci kamar sati biyu, 'ya'yan su fito daga sheƙa bayan sati uku, kafin ka ce kwabo ta sake sakawa.

Ni na yi wannan kuskuren. Murna nake ta yi, ina ɗaukar hoto ina ɗorawa, ina lissafin kuɗin da zan samu idan na sayar. A zagaye na huɗu a jere, wata safiya cikin hunturu na tarar da macen a ƙasan keji, gashinta a bushe, tana numfashi da ƙyar. Ƙwai ne ya maƙale mata. Kowane ɓawon ƙwai daga sinadarin kalsiyam na jikinta yake fitowa, ni kuma gero zalla nake ba ta. Kafin in kai ga likitan dabbobi ta mutu a tafin hannuna. Namijin ya yi kwanaki yana kira.

Yanzu ga yadda nake yi. Ba na sa sheƙa sai mace ta kai aƙalla wata shida, duk da cewa tun suna wata uku suna iya haihuwa. Idan ta yi kwanci biyu, sai in cire sheƙar da duk wata ciyawar gini, ta huta watanni. Kwashe ƙwan kaɗai ba ya magani, wasu za ta saka, ka ƙara mata wahala. Ɓawon ƙwan kaza da aka dafa aka daka ba ya yankewa a kejina, lokacin reno kuma ina ƙara musu dafaffen ƙwai.

'Ya'yan kuma, idan sun kai sati shida suna ci da kansu, sai a raba su da iyayen, daga baya a ware maza da mata. In ba haka ba, wa da ƙanwa za su haɗu, keji ya cika. Saboda haka tun kafin ka rataya sheƙa, ka san wa zai karɓi 'ya'yan.

Wani ya tambaya ko za a iya haɗa su keji ɗaya da kanari. Wannan sai shiri na gaba, in Allah ya kai mu.