Baƙon furannin garka: tsuntsu ne ko ƙwaro?

Ƴan uwa mata masu noman garka, wataƙila kun taɓa ganin wani ɗan abu da rana tsaka ya tsaya cak a iska gaban fure, fukafukansa na kaɗawa har ba a ganinsu, sai ɗan gunji kamar na zuma. Wasu su ce tsuntsu ne, wasu su ce rina ce, a ruga a ɗauko magani. Ku dakata tukuna. Ƙwaro ne, dangin faɗa-wuta, sai dai shi da rana yake yawo.

Ana kamanta shi da wani ɗan tsuntsu da ake kira kolibri da Faransanci, mai shan ruwan fure yana tsaye a iska. Amma shi kolibri a nahiyar Amurka kaɗai yake. Tsuntsun da muke da shi nan mai irin wannan ci shi ne sha-kauci, shi kuwa yawanci sai ya sauka bisa reshe yake sha.

To, yaya za ku gane ƙwaron? Ku duba kansa: yana da ƙahoni biyu sirara, tsuntsu ba shi da su. Ƙafafunsa 6. Bakinsa kamar zare yake, in ya gama tsotso sai ya naɗe shi. Irin da ya bazu a Afirka, fukafukansa garau suke kamar gilashi, jikinsa kore da rawaya, da jan ɗamara a ciki, ga tuntun gashi a wutsiya. Faɗinsa in ya buɗe bai wuce santimita 7 ba.

Ba ya harbi, ba ya cizo. Yana kai garin fure daga wannan zuwa wancan, irin aikin da zuma ke yi har shuka ta yi ƴaƴa. Tsutsarsa mai ɗan ƙaho a baya ganyen gauɗe da danginsa take ci, ba ruwanta da albasa ko tumatir.

Don haka kada wata ta taɓa kuɗin asusu ta sayo magani saboda shi. Asara biyu ke nan: kuɗi sun tafi, feshin kuma ya kashe har da zuma. In tsutsa ta dame ku, ku fara duba wace iri ce, kuma a guji feshi bisa fure da rana. A zaman mako mai zuwa, wadda ta gan shi ta kwatanta wa sauran.