Wuƙar daji mai tsada: Shin ta fi ta maƙerin Maraɗi aiki?

Duk matashin da ke bibiyar bidiyon masu kwana a daji a YouTube ko TikTok ya san yadda ake nuna wuƙa: a fasa itace da ita, a fere sanda, a ƙyasta wuta, sannan a faɗi kuɗinta. Wuƙar da maƙeri ɗaya ya ƙera da hannunsa a Turai ko Amurka takan kai yuro 200, wani lokaci ta zarce. Da yake yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, lissafin ya haura jika 130, tun ba a sa kuɗin aikowa ba. Tambayar da ke gaban ɗan Maraɗi mai son fita daji, da ɗan uwansa da ke ƙasar waje mai neman tsarabar da zai kawo gida, ita ce ko kuɗin nan na sayen wani abu da ba a samu a maƙerar unguwa.

A Maraɗi da Tibiri da Jiratawa ƙirar hannu ba abin alfahari ba ce, ita ce ƙirar da aka gada. Maƙeran baƙi, masu aikin gatari da lauje da adda, su ne ke ƙera wuƙar mahauta da ta mafarauta, kuma kasuwarsu kan buɗe sosai gab da Babbar Sallah. Yawanci da ƙarfen tsofaffin motoci suke aiki, musamman sifirin. Wannan ba abin rainawa ba ne, domin maƙeran Nepal ma da shi suke ƙera shahararriyar wuƙarsu ta kukuri. Gawayin ƙirya ne abin son maƙeri saboda ƙarfin wutarsa, kube kuwa aikin dukawa ne, a yankin da fatar jar akuyarsa ta yi suna har ƙasashen waje.

Inda wuƙa ke bambanta da wuƙa shi ne wajen horon ƙarfe. Bayan an gama siffanta ta, ana mayar da ita wuta har ta yi ja, a tsoma ta a ruwa ko mai domin ta yi tauri, sannan a sake ɗumama ta kaɗan don kada ta riƙa ɓantarewa. In tauri ya yi yawa, bakinta zai karye a kan ƙashi. In ya yi kaɗan, za ta dasashe kafin a gama fiɗar akuya ɗaya. Maƙerin Turai yana wannan aiki da tanda mai auna zafi, kuma ya san irin ƙarfen da ya saya, shi ya sa wuƙaƙensa ke fitowa bai ɗaya. Na gida da ido yake aunawa, ƙarfen bola kuma kan zo da tsaga a ɓoye. Gwani zai fitar da wuƙa ta gaske, wanda ke sauri don cika tebur kafin Sallah zai fitar da wadda ba ta shekara. Tabbacin nan ne babban abin da mai jika 130 ke biya, sauran kuma ado ne da suna.

Sai dai tabbacin ba sai da tsada ba. Wuƙaƙen masana'anta irin su Mora ta ƙasar Suwidin, ko Opinel ta Faransa da ake yi tun 1890, ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan kuɗi ba, kuma masu yawon daji da dama a Turai da su suke fita.

Akwai kuma batun dajin kansa. Bidiyon nan galibi a dazukan arewacin duniya ake ɗaukar su, inda itace ke da laushi kuma yake zube ko'ina. A nan ƙaya ce da itace mai tauri, aikin adda da gatari. Sare bishiya ma ba abin wasa ba ne a yankin da manoma suka raya gonakinsu da sassaben zamani tun shekarun 1980, ga kuma jami'an gandun daji. Abin da ya rage wa wuƙa shi ne yanka igiya, gyaran kifin tafkin Madarunfa, fiɗa da feraye. Dajin Baban Rafi da wuraren da ke kan iyaka kuwa, matsalar 'yan bindiga ta sa ba wurin shaƙatawa ba ne, kowace irin wuƙa mutum ya rataya.

Ga mai fita lokaci-lokaci, wuƙa mai tsadar nan ba ta biya kuɗinta. Ya fi masa ya tambayi mahauta wane maƙeri suke kai wa aiki, ya ba da sautu maimakon ɗauka a tebur. Ya nemi ƙarfen ya ratsa ƙota har ƙarshe, ya goga magagari a bakin: in ya zame bai ci ba, ta horu. Baƙin ƙarfe na tsatsa, don haka sai an share an shafa mai, musamman da damina.

Wanda zai tafi da ita waje ya sa ta a kayan da ake aunawa, ba jakar hannu ba. A Ingila kuma yawo da wuƙar da ba ta naɗewa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne.