Rawar Gauraka da Aikin Ɗalibi a Fadama



Wani zai ce, me ya haɗa malamin Hausa da neman auren tsuntsu? Amsar ita ce, in abu ya ɓace daga idon jama'a, kalmominsa ma sukan bi shi.

Gauraka tsuntsu ne na fadama, tsawonsa kamar mita 1, mai tukku ruwan zinariya da kunci ja da fari. Da damina yake kiwo na musamman, domin a lokacin ne yake sheƙa cikin ciyawar ruwa. Kafin nan sai an yi rawa. Namiji da mace sukan fuskanci juna, su rusuna, su buɗe fukafukai, su daka tsalle, su dire, su sake. In sun daidaita, macen ta yi ƙwai 2 zuwa 5, su riƙa karɓa-karɓar kwanci har wajen kwana 30.

To, ɗalibin da zai nazarci wannan rawa sai ya yi sammako, ya laɓe nesa, ya rubuta lokaci da wuri da yawan tsuntsayen da abin da kowanne ya yi. Kada ya yi gaggawar yanke hukunci, domin namiji da mace kamarsu ɗaya, kuma ba kowace rawa ce ta aure ba. Ƙanana ma sukan taka.

Amma ina zai gan su? Tun da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975, gonaki suke ta faɗaɗa a wannan yanki har zuwa Malumfashi. A Arewa baki ɗaya, noma ya ci fadamu, masu kamawa kuma suna sayar da gauraki don ado a gidajen manya. Saboda wannan damuwa aka yi taron ƙasashe a Kano a 1992. Yau gauraka ya kusa ƙarewa a dajin Nijeriya, sai an nausa wajen Tafkin Cadi.

Bisa ga haka, aikin ɗalibinmu biyu ne. Wanda ya sami hali ya tafi inda tsuntsun yake. Wanda bai samu ba, ya zauna gaban dattawan ƙauyukan Mairuwa da Bakori, ya tambaye su inda gauraki suke sauka a da, da sunan da suke kiran rawar, da kirari da tatsuniyoyin da suka ji. Ya rubuta yadda suka faɗa, da karin harshensu, tun suna raye.

Allah ya sa mu dace.